Daga Dakar zuwa Mai Yara: wa ke koya wa ma'aikacin banki aikinsa?

Duk wanda ya taɓa tashi daga Mai Yara, a gundumar Dakoro, ya nufi Maraɗi domin ɗaukar albashi, ko ajiye kuɗin bisashen da ya sayar, ko neman bashin taki, ya san cewa tafiyar a gaban mutum guda take ƙarewa: wanda ke zaune bayan gilashin gishe. Shi zai ƙirga kuɗin, shi zai duba katin ɗan ƙasa, shi kuma zai ce takardu sun cika ko a koma gida a sake dawowa. Idan ya iya aikinsa, cikin awa guda an gama an kama motar komawa. Idan kuwa bai iya ba, an yi asarar yini da kuɗin mota, wani lokaci har da abin da ya fi haka ciwo, wato sa hannu a kan yarjejeniyar bashin da ba a fahimta ba.

Binciken Findex na Bankin Duniya, na shekarar 2017 da na 2021, ya nuna cewa a Nijar manyan da ke da asusu, ko a banki ko a salula, ba su kai mutum 2 cikin 10 ba. Nisa da talauci suna cikin dalilai, haka ma rashin takardu. Akwai kuma rashin yarda, ita kuwa yarda a hannun ma'aikaci ake samunta, a hannunsa kuma ake rasa ta. Shi ya sa ya kamata mai ajiya ya san inda ake horar da waɗannan ma'aikata, abin da ake koya musu, da wuraren da horon bai isa ba.

Darasin da aka koya da tsada

Dattawa ba su manta da BDRN ba, bankin raya ƙasa da aka kafa a farkon shekarun ƴancin kai, wanda ya daɗe yana riƙe da mafi yawan harkar kuɗi a Nijar. Da kasuwar uraniyom ta faɗi a shekarun 1980, sai basussukan da ba a biya ba suka yi masa katutu, aka rufe shi a 1990. A wannan shekarar ce aka kafa SONIBANK tare da haɗin gwiwar bankin STB na ƙasar Tunisiya. Asusun bashin noma na ƙasa, CNCA, shi ma bai tsira ba. Ba Nijar kaɗai abin ya shafa ba, domin a Benin da Senegal da Kodebuwa ma bankuna da dama sun durƙushe a lokacin.

Sanadin rugujewar yana da yawa, ciki har da bashin da aka riƙa bayarwa saboda siyasa ko sanayya. To amma darasi guda ya fito fili: bankin da ma'aikatansa ba su iya auna mai neman bashi ba, kuma babu mai bin diddigin littattafansa, ba ya daɗewa. Daga nan ne ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da kuɗin sefa suka kafa hukumar sa ido kan bankuna a 1990, mai mazauni a Abijan. Ita ce ke aika masu bincike su shiga bankuna, kuma cikin abubuwan da suke dubawa har da ko ma'aikata sun san ƙa'idojin da aka ɗora musu.

Ɓangaren ƙananan asusun ajiya da bashi ma ya ga nasa. A 2018 hukumomi suka ɗora wa Asusu SA, wadda ita ce mafi girma a ƙasar a lokacin, shugabancin riƙo, masu ajiya da yawa kuma suka sha wahalar cire kuɗinsu. Irin wannan labari yana saurin isa ƙauye, kuma yana daɗewa a bakin mutane.

Makarantun da ke can sama

Babban bankin BCEAO, wanda ƙasashe 8 suka haɗu a kansa (Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Gine Bisau, Mali, Nijar, Senegal da Togo), yana da makarantarsa a Dakar mai suna COFEB, da aka buɗe a 1977. Da farko domin ma'aikatan babban bankin aka yi ta, daga baya ta riƙa karɓar jami'an ma'aikatun kuɗi da na bankunan kasuwanci. Tana ba da digiri na biyu a fannin kuɗi da tafiyar da banki, tana kuma shirya gajerun tarurrukan ƙara wa juna sani duk lokacin da wata sabuwar ƙa'ida ta fito. Ga manyan shugabanni akwai wani shiri da take gudanarwa tare da makarantar HEC ta birnin Paris. A Dakar ɗin dai akwai CESAG, makarantar koyon gudanarwa da BCEAO ta karɓi ragamarta a tsakiyar shekarun 1990, inda ake yaye masu binciken lissafi da masanan harkar kuɗi.

Hanya ta biyu ita ce karatun da ma'aikaci ke yi yana bakin aikinsa. Mafi shahara a ƙasashe masu magana da Faransanci shi ne ITB, karatun shekara 2 da ya samo asali daga cibiyar horar da ma'aikatan banki ta Faransa. Banki ne ke zaɓar wanda zai shiga, sau da yawa shi ke biya, kuma wanda ya samu takardar yakan hau muƙamin shugaban reshe ko mai kula da manyan ƴan kasuwa. Ƙungiyar bankuna ta ƙasa, APBEF, ita ce dandalin da bankunan ke tattauna buƙatunsu na bai ɗaya, har da na horo.

Hanya ta uku ta iyayen gida ce. Yawancin bankunan da ke Nijar rassa ne na manyan kamfanoni na waje. Ecobank da Orabank daga Lome ake juya su, Coris Bank daga Wagadugu, BOA da Banque Atlantique da BIA da CBAO kuwa suna hannun bankunan Maroko. Kowane rukuni yana da tsarinsa na koyarwa. Ecobank, alal misali, yana da makarantarsa a Lome, kuma a yau darussa da dama ta intanet ake yinsu, ma'aikaci ya zauna gaban kwamfuta ya bi darasi ya amsa tambayoyi, sakamakon ya tafi hedikwata.

Kafin duk wannan akwai karatun jami'a. Bankuna suna ɗaukar waɗanda suka karanta tattalin arziki, lissafin kuɗi, shari'a ko kwamfuta a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, ko makarantu masu zaman kansu. Sai dai takardar makaranta ƙofa kawai take buɗewa. Aikin kansa a cikin banki ake koyonsa.

Watannin farko a bayan gishe

Mafi yawan ma'aikata da staj suke farawa, wato zaman koyon aiki na wasu watanni. Wanda aka ga alamar zai iya sai a ba shi kwantaragi da lokacin gwaji. A wannan lokacin ana zagayawa da shi sassa daban-daban: wurin tarbar jama'a, wurin buɗe asusu, kes, sashen aika kuɗi, sashen bashi. Yakan zauna kusa da tsohon ma'aikaci yana kallo kafin a bar shi ya taɓa kuɗi.

Mai kes yana koyon ƙirga kuɗi da hannu da kuma da na'ura, da ɗaure su ɗari-ɗari, da ware takardun da suka tsufa domin mayar da su babban banki, wanda ke da reshe a Maraɗi da Damagaram ban da na Yamai. Yana koyon gane jabu: ya ji kaurin takarda a yatsa, ya ɗaga ta ga haske ya ga hoton da ke ɓoye a ciki da zaren tsaro, ya karkata ta ya duba ƙyallin da ke jikin jika 10 da jika 5. Yana sanin cewa harafin da ke kusa da lambar takarda yana nuna ƙasar da aka fitar da ita, H ta Nijar ce, A ta Kodebuwa, K ta Senegal, amma dukansu darajarsu ɗaya a ko'ina cikin ƙasashen 8. Mai kes ɗin da ya ƙi karɓar takarda saboda harafinta bai san aikinsa ba.

Da yamma, bayan an rufe ƙofa, sai a yi rufe kes. Ana gwada kuɗin da ke cikin akwati da abin da kwamfuta ta nuna. Ko dala ɗaya ta ɓace, ko ta yi rara, sai an rubuta an nemo dalili. Rara ma laifi ce, domin tana nufin an tauye wani.

Ana kuma koya masa dokokin da aka yi domin kare banki daga ma'aikatansa. Ba mutum guda ke riƙe da makullan ɗakin ajiyar kuɗi ba. Wanda ya shigar da babban aiki a kwamfuta ba shi ke amincewa da shi ba, sai wani ya duba, abin da ake kira ƙa'idar ido huɗu. Ba a ba abokin aiki lambar sirri ta shiga kwamfuta ko da na minti guda ne. Ana sauya wa ma'aikata wuri lokaci-lokaci, ana kuma matsa musu su tafi hutun shekara, domin sau da yawa lokacin da wani ya zauna a kujerar ne ɓarnar da aka daɗe ana rufewa take bayyana.

Abin da doka ta ce dole a koyar

Wasu darussan ba zaɓin banki ba ne. Dokar yaƙi da halatta kuɗin haram da ɗaukar nauyin ta'addanci ta wajabta wa bankuna da asusun bashi da kamfanonin aika kuɗi su riƙa horar da ma'aikatansu a kai a kai. Daga nan tambayoyin da ke ɓata wa mutane rai suke fitowa: ina katinka, ina kake zaune, mece ce sana'arka, daga ina wannan kuɗi ya fito. Idan ma'aikaci ya ga abin da bai gamsu da shi ba, dole bankin ya sanar da CENTIF, hukumar da ke tattara bayanan kuɗi, kuma an hana a gaya wa mai asusun. A jahar da ke kan iyaka da Najeriya, inda ɗan kasuwa kan shigo da miliyoyi a jaka bayan cin kasuwar dabbobi, wannan darasi yana buƙatar hankali. Ma'aikacin da aka koya wa tsoro kaɗai zai ɗauki kowane Bafillace mai kuɗi a matsayin abin zargi. Wanda ya san yadda kasuwar bisashe take tafiya gab da babbar salla zai bambanta ciniki na gaskiya da wanda ba shi ba.

Akwai sirrin banki. Doka ta hana ma'aikaci faɗa wa kowa abin da ke cikin asusun wani, ko mijinta ne, ko ɗansa ne, ko maigari, sai hukumomin da doka ta ba izini kamar alƙali mai bincike. A ƙananan garuruwa, inda kowa ya san kowa, nan ne ake gane ko horo ya zauna.

Akwai kuma ayyukan da aka hana a karɓi kuɗi a kansu. Tun ranar 1 ga watan Oktoba na 2014, BCEAO ta jera ayyuka 19 da bankuna za su yi kyauta, daga ciki akwai buɗe asusu, rufe asusu, zuba kuɗi a bankinka, saukar albashi, da takardar bayanin asusu ta wata-wata. Ma'aikacin da bai san jerin ba ba zai iya gaya wa jama'a haƙƙinsu ba.

Ƙa'idoji kuma ba sa tsayawa wuri guda. A ranar 1 ga Janairun 2018 bankunan yankin suka koma sabon tsarin rubuta lissafi da sababbin ma'aunan jari da ake kira Bâle II da III, abin da ya sa aka mayar da akantoci da masu auna haɗari aji. A ƙarshen 2023 aka ɗaga mafi ƙarancin jarin banki daga miliyar 10 zuwa miliyar 20. Akwai ofishin tattara tarihin masu cin bashi, wanda ya fara aiki a 2016, kuma sai mai neman bashi ya ba da izini a rubuce kafin a duba sunansa a ciki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye sabon darasi ne ga wanda ke gishe.

Jami'in bashi, wanda ya fi kusa da ƙauye

Rassan bankuna a Yamai suka fi taruwa, sai manyan biranen jahohi. Ga manomin Mai Yara ko Kornaka ko Sabon Mashi, ma'aikacin kuɗin da ya fi gani shi ne jami'in bashi na ƙananan asusu, wanda ke zuwa a kan babur ranar kasuwa. Waɗannan asusu suna ƙarƙashin hukumar ARSM, manyansu kuma, waɗanda ajiyarsu ko bashinsu ya kai miliyar 2, BCEAO da hukumar Abijan ne ke bincikarsu kai tsaye. Ƙungiyarsu ta APSFD tana shirya wa mambobinta horo kan lissafi, bin bashi da binciken cikin gida, galibi da tallafin ayyukan raya ƙasa.

Abu na farko da jami'in bashi ke buƙatar ƙwarewa a kai shi ne lissafin kuɗin ruwa, domin a nan ake cutar mutane ba tare da sun ankara ba. A 2014 aka tsayar da iyakar kuɗin ruwa a kashi 15 cikin 100 a shekara ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan asusu, kuma a cikin lissafin har da kuɗin takardu da sauran caji. Ga misali. Mutum ya karɓi jika 100, zai biya cikin wata 10, an ce masa kashi 2 cikin 100 a wata. Idan ana lissafa ruwan a kan abin da ya rage, watan farko jika 2 ne, wata na biyu a kan jika 90 za a lissafa, haka yana raguwa, jimilla jika 11. Idan kuwa kowane wata a kan jika 100 na farko ake lissafawa, duk da cewa yana ta biya, jimilla jika 20 ke nan. Baki ɗaya aka faɗa, kashi 2, amma na biyun idan aka auna shi da gaskiya ya haura kashi 40 a shekara, ya ƙetare iyakar doka nesa. Jami'in da bai gane wannan bambanci ba ba zai iya bayyana shi ba, wanda ya gane ya yi shiru kuma ya ci amana.

Abu na biyu shi ne sanin kalandar noma. Bashin da aka tsara wa ɗan tireda na birni, mai biya kowane wata, bai dace da mai noman hatsi da wake da gujiya ba, wanda kuɗi ke shigo masa sau ɗaya bayan kaka. Idan aka ba shi bashi a watan Yuni aka ce ya fara biya a Yuli, to an tura shi ya sayar da akuya ko ya ci wani bashin a wurin ɗan kasuwa. Idan taki ya iso a Agusta saboda takardu sun yi jinkiri a ofis, an bar shi da bashi ba tare da amfaninsa ba. Bankin noma na BAGRI, da ya fara aiki a 2011, domin irin wannan giɓi aka kafa shi, to amma kowace cibiya ce, sai tana da mutanen da suka san gona kamar yadda suka san lissafi.

Nijar tana da abin koyi a wannan fanni, wato bashin jinginar amfanin gona da aka fara a ƙarshen shekarun 1990 da taimakon hukumar FAO. Bayan girbi, lokacin da farashi ya faɗi, ƙungiyar manoma tana zuba buhunanta a mangaza, a sa kwaɗo biyu, makulli guda a hannun ƙungiya, guda a hannun asusu. Asusun ya ba da bashin wani kaso na darajar kayan, mutane su yi sana'ar rani, su biya da bazara su kwashe kayansu lokacin da tiya ta yi tsada. Jami'in da ke kula da wannan sai ya iya duba ko wake ya bushe, ko ƙwaro ya shiga, ko rufin mangaza yana yoyo, sai kuma ya san cewa akwai shekarun da farashi ba ya tashi, domin kada ya ba da bashin da ya wuce abin da kayan za su iya biya.

Abu na uku shi ne bin bashi ba tare da cin mutunci ba. Ma'aunin BCEAO ya ce bashin da ya yi jinkirin fiye da kwana 90 kada ya wuce kashi 3 cikin 100 na duk abin da asusu ya bayar. Wannan yana sa shugabanni su matsa wa jami'ai. Wanda ba a koya masa wata dabara ba sai ya koma ga tsoratarwa da tona asiri a gaban jama'a. Wanda aka horar yana ziyara tun kafin ranar biya, yana gane matsala da wuri, yana kuma sanin lokacin da ya dace a sake tsara biyan.

Masu shagon salula da matan asusu

A yau kuɗin da ɗan ci-rani ke aikowa daga Libiya ko Agadas ko Legas ba ta gishen banki yake isa ƙauye ba. Yana bi ta Nita, ko Al Izza, ko Amana, ko ta Airtel Money da takwarorinsa na Moov da Zamani. Yaron da ke zaune a shagon shi ma ma'aikacin kuɗi ne, amma horonsa yakan taƙaita ga yadda ake danna na'ura. Ya kamata ya san cewa ba a karɓar lambar sirrin mutum a danna masa, ko da tsoho ne da bai iya karatu ba, ya san dabarun ƴan damfara masu kira su ce an yi kuskuren turo kuɗi, ya kuma manna farashin aiki inda kowa zai gani.

Abin sha'awa shi ne, ɗaya daga cikin tsare-tsaren horo da suka fi yin nasara a duniya a fannin kuɗin talakawa daga jahar Maraɗi ya fito. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara, inda mata ke haɗuwa kowane mako su zuba kuɗi a akwati mai makullai a hannun mutane daban-daban, su ranta wa junansu, su raba a ƙarshen zagaye. An koyar da su da Hausa, a ƙarƙashin inuwa, na tsawon watanni, kuma kowane lissafi a gaban kowa ake yinsa da babbar murya. Daga baya matan da suka ƙware suka zama masu koyar da wasu ƙauyuka. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Ƙa'idar ido huɗu da ake koyarwa a Dakar, matan nan suna aiki da ita da idanu talatin.

Matsalar harshe da ta addini

Duk karatun banki a Nijar da Faransanci ake yinsa, takardun ma haka. Wanda ke gaban gishe a Dakoro kuwa Hausa yake ji, ko Fulatanci, ko Tamajak. Ma'aikaci ne ke fassarawa nan take, kowa da irin kalmominsa. Wani ya ce riba, wani ya ce ruwa, wani ya ce kuɗin aiki, alhali abubuwa ne daban a cikin yarjejeniya. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan dama ce ga APBEF da APSFD su zauna da masana harshe su fitar da jerin kalmomi guda, a koya wa kowane sabon ma'aikaci yadda zai bayyana bashi, jingina, tara da inshora da bakin da mutane ke ji, a kuma jarraba shi a kai kamar yadda ake jarraba shi a kan lissafi.

Mutane da yawa kuma suna guje wa banki ne saboda riba. Nijar tana da bankin Musulunci, BIN, wasu bankunan sun buɗe sashe na musamman, kuma a 2018 BCEAO ta fitar da ƙa'idojin wannan fanni, ciki har da wajabcin kwamitin malamai masu duba ko ayyukan sun dace da shari'a. Sai dai ma'aikacin da ba zai iya bayyana murabaha ba, wato banki ya sayi kaya ya mallake su sannan ya sayar maka da ƙarin da kuka amince tun farko, zai bar mutum da zaton an sauya wa riba suna ne kawai. Ƴan kasuwar Maraɗi da ke zuwa Kano sun ga yadda bankin Jaiz, da ya fara aiki a 2012, ya jawo mutanen da da ba sa shiga banki. A Najeriya ɗin kuma akwai cibiyar CIBN mai shirya jarrabawar ƙwarewa ga ma'aikatan banki, har da wata ta musamman ga shugabannin ƙananan bankuna.

Wa ke biya, wa ake mantawa da shi

Kamfanoni a Nijar suna biyan harajin koyon sana'a a kan albashin da suke bayarwa, akwai kuma asusun FAFPA da aka kafa domin tallafa wa horon ma'aikata da masu koyon sana'a. Manyan bankuna suna ware nasu kasafin a kowace shekara. Ƙananan asusu kuwa sukan jira wani aikin raya ƙasa ya gayyace su taro, idan aikin ya ƙare horon ya tsaya.

Ko a inda kuɗin yake, rabon ba daidai yake ba. Taron yakan kasance a Yamai, kuma reshen da ke da ma'aikata 4 ba zai iya sakin mutum guda na mako ba tare da layi ya kai bakin titi ba. Darasin intanet yana buƙatar wuta da layi mai ƙarfi. Ƙaramin asusu ya horar da yaro shekara 2, da ya ƙware sai banki ya ɗauke shi da albashi mafi tsoka, asusun ya koma farawa da sabo. Ta haka wanda ya fi hulɗa da mutanen karkara yakan zama wanda ya fi ƙarancin horo.

Lokacin takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar bayan 26 ga Yulin 2023, wanda aka ɗage a watan Fabrairun 2024, an ga wani fannin da ba a cika koyarwa ba. Takardun kuɗi sun yi ƙaranci, bankuna sun ƙayyade abin da za a iya cirewa, ma'aikatan gishe ne suka fuskanci fushin jama'a. Faɗa wa mutum gaskiya cikin ladabi a irin wannan rana shi ma ilimi ne da ake koya.

Abin da mai ajiya zai duba

Ba sai mutum ya je Dakar ba kafin ya gane ko wanda ke gabansa ya samu horo. Ma'aikacin kirki yana ba da resi a kan kowane kuɗi da ya karɓa, mai ɗauke da hatimi da kwanan wata, ko a ofis ne ko a kasuwa. Ba ya cewa a tura kuɗin biyan bashi a lambar salularsa. Kafin a sa hannu yana faɗin jimillar abin da za a biya, da ranakun biya, da tarar jinkiri, yana kuma ba da kofin yarjejeniyar a tafi da shi gida wani ya karanta. Ba ya neman goro domin takarda ta yi sauri.

Mai ajiya yana da haƙƙin tambaya ko cibiyar tana da lasisin ma'aikatar kuɗi, da kuma ko tana cikin asusun lamunin ajiya na yankin, wanda aka kafa a 2014. Idan cibiyar da ke cikinsa ta rushe, asusun yana mayar wa kowane mai ajiya har zuwa miliyon 1 da jika 400 a banki, ko jika 300 a ƙaramin asusu. Idan an samu saɓani, a fara da shugaban reshe, a rubuta koke a karɓi shaidar an ajiye shi, domin hukumar Abijan ta wajabta wa cibiyoyin da take sa wa ido su kasance da tsarin karɓar koke da amsa shi.

Magadan gari da shugabannin ƙungiyoyin manoma su ma suna da abin yi. Duk cibiyar da ta zo neman buɗe harka a ƙaramar hukuma kamar Mai Yara, a tambaye ta wa za ta turo, wane horo ya samu, yana jin harshen mutanen wurin, kuma wa zai riƙa zuwa duba littattafansa. A nemi ta yi zaman bayani a bainar jama'a kafin a fara rubuta sunaye, a kuma rubuta amsoshin da ta bayar a ajiye a ofishin magajin gari.